KIƊAN MAIMAI: WACE KWAMFUTA CE TA DACE DA MAKAƊIN DA KE YI WA KANSA AMSHI?

Gabatarwa

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a fagen kiɗa da waƙa maganar nan ta daɗe tana nan daram. Duk wanda ya saurari marigayi Alhaji Mamman Shata ya san cewa a bayansa akwai masu kalangu da 'yan amshi, suna maimaita gindin waƙa, shi kuwa yana ɗora baitoci a kai. Ko marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya shahara da waƙa shi kaɗai, kuntiginsa ne ke riƙe masa wannan gindi. To, a yau kimiyya ta kawo hanyar da mutum ɗaya zai tsaya gaban jama'a ya zama shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi, shi ne kuma 'yan amshin kansa. Zai buga ganga na 'yan daƙiƙoƙi, na'ura ta naɗe ta shiga maimaitawa. Ya ɗauki jita ya ɗora a kai. Ya ƙara tafi, ya ƙara murya, har a ji kamar mutum shida ne ke kan dandamali. Wannan fasaha ita muka kira kiɗan maimai, guntun sautin da ake maimaitawa kuma muka kira shi zagaye.

Matasa da dama sukan tara kuɗi wata da watanni su sayi kwamfutar tafi-da-gidanka domin wannan aiki, sai ranar da aka taru a ji sauti yana tsinkewa, ko kiɗa yana bin bayan murya kamar gurgu a ayari. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana dalilan da ke jawo haka ta fuskar kimiyya, domin mai karatu ya san abin da zai duba kafin ya fitar da guminsa.

Asalin fasahar

Kiɗan maimai ya girmi kwamfutar tafi-da-gidanka. A shekarar 1963, a birnin Faris, wani makaɗi ɗan Amurka mai suna Terry Riley ya yi amfani da rakoda biyu masu zare, zaren yana fitowa daga ta farko ya shiga ta biyu. Ta farko tana naɗa, ta biyu tana faɗa, abin da ta faɗa kuma a mayar da shi ga ta farko ya haɗu da sabon kiɗa. Tazarar da ke tsakanin rakodojin ita ce tsawon zagayen. Alal misali, idan zaren yana gudun santimita 19 a daƙiƙa, aka bar santimita 95 tsakaninsu, sautin zai dawo bayan daƙiƙa 5. Da irin wannan dabara Robert Fripp da Brian Eno suka yi faifansu na 1973 a Ingila.

Daga bisani na'urorin zamani suka maye gurbin zare. Kamfanin Lexicon ya fitar da JamMan a 1993, Boss kuma ya fitar da RC-20 a 2001, wadda ake takawa da ƙafa kamar fedar keken ɗinki. A 2004 mawaƙiya KT Tunstall ta ƙasar Sikotilan ta fito a talabijin na BBC ita kaɗai da jita da irin wannan feda, abin da ya sa jama'a da yawa suka fara sanin fasahar. A 2015 kuwa Ed Sheeran ya cika filin wasa na Wembley dare uku ba tare da 'yan kiɗa ba. A ɓangaren kwamfuta, manhajar Ableton Live ta fito a birnin Balin a 2001, ita ce kuma ta buɗe wa makaɗa ƙofar hawa dandamali da kwamfuta a matsayin kayan kiɗa.

Fifikon kwamfuta a kan feda shi ne yawan zagayen da za ta iya riƙewa, kowanne da kwalliyarsa, da kuma ɗaruruwan muryoyin kayan kiɗa da ke cikinta. Rauninta kuwa shi ne, ita feda aiki ɗaya tak aka ƙera ta dominsa, alhali kwamfuta baiwar kowa ce, tana kiɗa tana leƙen saƙo tana duba batir. Daga nan matsalar take tasowa.

Yadda kwamfuta ke jin sauti

Sauti girgizar iska ne. Makirfo yana mayar da girgizar ta zama lantarki, sai wata 'yar na'ura ta riƙa auna ƙarfin lantarkin tana rubuta shi da lambobi. A faifan CD ana yin awo 44,100 a kowace daƙiƙa. Yawancin masu aikin sauti kuwa suna amfani da awo 48,000. An zaɓi waɗannan adadi ne saboda kunnen ɗan Adam yana jin girgiza har zuwa kusan 20,000 a daƙiƙa, ƙa'idar lissafi kuma ta nuna cewa sai awon ya ninka wannan adadi sau biyu da ɗoriya kafin a iya dawo da sautin yadda yake.

Kwamfuta ba ta karɓar awon nan ɗaya bayan ɗaya. Tana jira su taru a wata 'yar ma'ajiya, wadda za mu kwatanta da guga a bakin rijiya, sa'an nan ta ɗauka ta sarrafa. Makaɗi ne ke zaɓar girman gugan: awo 64, ko 128, ko 256, ko 512. Idan gugan yana cin awo 128, ana kuma yin 48,000 a daƙiƙa, zai cika cikin milisakan 2.7 (milisakan ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa). Guga mai cin 512 kuwa sai ya ɗauki milisakan 10.7. Da yake akwai guga a hanyar shiga, akwai kuma wani a hanyar fita, sai a ninka lokacin sau biyu, a ƙara da ɗan abin da na'urorin awo suke ci. Wannan lokaci da ke tsakanin bugun ganga da fitowar sautinta a lasifika shi ake kira jinkiri.

Domin mu fahimci girmansa, mu tuna cewa sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Jinkirin milisakan 10 daidai yake da mutum ya tsaya mita uku da rabi daga gangar da ake bugawa, kuma galibin makaɗa ba sa damuwa da wannan. Idan ya haura 20, hannu da kunne sukan fara saɓani, musamman ga mai ganga. Da guga 128 da akwatin sauti mai kyau, jinkirin zuwa da dawowa yakan tsaya tsakanin milisakan 7 da 10.

Mai karatu zai ce, to me zai hana a zaɓi ƙaramin guga kawai? Amsar ita ce, ƙaramin guga yawan jan igiya ne. Da guga 128, wajibi ne kwamfuta ta gama sarrafa guga 375 a kowace daƙiƙa, watau guga 1,350,000 a wasan awa ɗaya. Idan ɗaya tak ya makara, sai a ji ƙas a lasifika. A sauran nau'o'in kiɗa wannan ƙara takan wuce a manta da ita. A kiɗan maimai kuwa, idan ta faɗa cikin abin da ake naɗa, za ta riƙa dawowa a kowane zagaye har a gama waƙar, jama'a suna ji.

Akwai kuma illa ta biyu. Makaɗi yana ɗora sabon hawa ne bisa abin da kunnensa ya ji, abin da ya ji kuwa ya riga ya makara, wanda ya buga ma zai makara kafin ya isa ciki. Idan manhaja ba ta rage wannan jinkiri da kanta ba, kowane hawa zai zauna a bayan wanda aka bi wajen buga shi. Haka nan ƙaramin kuskure a tsawon zagaye yakan tara ya yi yawa. A ce ana kiɗa mai bugu 120 a minti, watau rabin daƙiƙa kowane bugu, sai zagaye mai daƙiƙa 8 ya zarce ma'aunin sauran kiɗan da milisakan 20. Bayan dawowa 25, cikin minti uku da 'yan kai, ratar ta zama milisakan 500, bugu guda cur. Saboda haka manhajar da za a zaɓa lallai ta iya rage jinkiri, ta kuma iya daidaita bakin zagaye da ma'aunin kiɗa.

Abin dubawa a jikin kwamfuta

Na farko shi ne ƙwaƙwalwar sarrafawa. 'Yan kasuwa sukan yi tallar yawan rassanta, huɗu ko takwas ko goma sha shida. Yawan rassa yana da amfani idan layukan kiɗa suna da yawa, amma duk kwalliyar da aka jera a kan layi ɗaya bi da bi ake yin ta, domin sai an gama ta farko ta biyu za ta samu abin sarrafawa. Don haka saurin reshe guda da ɗorewarsa a kan wannan sauri sun fi yawan rassa muhimmanci ga mai kiɗan maimai.

Na biyu shi ne ma'adanar aiki, wadda aka fi sani da ram. Abin mamaki, zagayen kansa ba ya cin wuri sosai. Minti ɗaya na sauti mai kunne biyu, a awo 48,000, yana cin kimanin megabayit 23 ko da an adana shi a tsari mai yalwa. Layi goma masu minti biyar-biyar ba su wuce gigabayit ɗaya da kaɗan ba. Masu cin wuri su ne taskokin muryoyin kayan kiɗa, irin su fiyano da goge na Turawa. Gigabayit 8 za ta yi wa mai murya da jita aiki, 16 kuwa ta fi kwanciyar hankali. A lura cewa a kwamfutoci da yawa na yanzu a manne ram take, ba a iya ƙara ta daga baya.

Na uku shi ne ma'adanar dindindin. A nemi nau'in SSD, domin tsohon nau'i mai faifai yana juyi ne a ciki, ga shi da nawa, ga shi kuma ba ya son girgiza, dandamali kuwa gidan girgiza ne.

Na huɗu, wanda mutane suka fi mantawa da shi, shi ne akwatin sauti na waje, wanda ake haɗawa ta mahaɗar USB. Na'urar sautin da ke cikin kwamfuta an yi ta ne don kallon fim da kiran waya. Akwatin waje, irin na Focusrite ko MOTU ko RME, shi ke da ramin makirfo da na jita, shi ne kuma ke yanke yawancin hukuncin jinkiri. Da yawansu suna da maɓallin da zai ba mawaƙi damar jin muryarsa kai tsaye ba tare da ta ratsa kwamfuta ba. Wanda ya zuba duk kuɗinsa a kwamfuta ya bar akwatin sauti ya yi kama da wanda ya sayi ingarman doki ya rasa linzami. Ana kuma bukatar fedar ƙafa mai magana da harshen MIDI, tsarin da kamfanonin kayan kiɗa suka amince da shi tun 1983, domin hannun makaɗi ba shi da sararin taɓa kwamfuta. A ƙidaya ramukan USB tun a kasuwa, a tabbatar za su isa.

Babbar manhaja: gidaje uku

Babbar manhaja ita ce uwar gida a cikin kwamfuta, ita ke raba wa kowane aiki lokacinsa. Tambayar da mai kiɗa zai yi mata guda ce: idan gugan sauti ya cika, za ta ajiye kome ta ɗauke shi nan take?

Gida na farko shi ne macOS na kamfanin Apple. Tun 2001 yake da tsarin sauti na cikin gida mai suna Core Audio, wanda ke ba da ƙaramin jinkiri, kuma yawancin akwatunan sauti suna aiki da zarar an jona su. Da yake kamfani ɗaya ne ke ƙera ƙarfen da manhajar, saɓani yakan yi ƙaranci. Daga Nuwamban 2020 Apple ya koma ga ƙwaƙwalwa ƙirar kansa, farawa da M1, wadda ba ta cin batir sosai. MacBook Air mai irin wannan ƙwaƙwalwa ko fanka ba ta da ita, don haka makirfo ba zai naɗi hucinta ba. A nan ake samun MainStage, manhajar dandamali mai sauƙin kuɗi, tare da Ableton Live. Aibin gidan shi ne tsada da wuyar gyara. Mai neman ta hannu kuma ya sani cewa a 2025 kamfanin ya sanar cewa macOS 26 ce ta ƙarshe da za ta hau kwamfutocinsa masu ƙwaƙwalwar Intel.

Gida na biyu shi ne Windows na Microsoft. Shi ya fi yawa a kasuwanninmu, ya fi sauƙin kuɗi, masu gyaransa kuma suna ko'ina. Domin samun ƙaramin jinkiri a nan ana dogara ne da ASIO, wata gajeriyar hanya da kamfanin Steinberg na Jamus ya shimfiɗa a shekarun 1990, wadda ke haɗa manhajar kiɗa da akwatin sauti kai tsaye. Wajibi ne akwatin ya zo da nasa direban ASIO daga kamfanin da ya ƙera shi. Matsalar wannan gida ita ce kamfanoni barkatai ne ke ƙera kwamfutocinsa, kuma wani lokaci direban Wi-Fi, ko na hoto, ko na kula da batir, yakan riƙe ƙwaƙwalwa na 'yan milisakan, gugan sauti ya makara. Shi ya sa za a ga kwamfuta mai tsada tana ƙas-ƙas, wata mai araha kuma tana tafiya sumul. Manhajar LatencyMon tana tona asirin irin wannan direba. Har ila yau, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 na gama-gari ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa ba ta karɓar yawancin kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar Intel da ta girmi zubi na takwas.

Gida na uku shi ne Linux, wanda kyauta ne, yana kuma iya farfaɗo da tsohuwar kwamfuta. Yana da tsarin JACK, wanda Paul Davis ya assasa, mai ba da damar jona sautin wata manhaja zuwa wata kamar da waya. Daga 2021 sabon tsari mai suna PipeWire ya fara zama na asali a manyan rassan Linux, yana kuma fahimtar manhajojin JACK. A 2024, da fitowar Linux 6.12, aka shigar da gyaran da ke ba aikin gaggawa fifiko cikin ainihin zuciyar manhajar, bayan kusan shekara ashirin ana aikinsa a gefe. Reshen Ubuntu Studio yana zuwa da kayan sauti a shirye. A nan akwai SooperLooper, da Ardour, da Reaper, da Bitwig Studio. Sai dai Ableton Live ba ta da zubin Linux, haka ma kayan kwalliyar sauti da yawa na sayarwa, kuma sai an tabbatar akwatin sauti yana cikin masu aiki ba tare da direba na musamman ba. Gida ne na mai haƙuri da son bincike.

Daga wannan bayani za a ga cewa tsarin zaɓe daga manhajar kiɗa yake farawa. Ita za ta nuna babbar manhajar da za a bi, sa'an nan akwatin sauti, kwamfuta kuwa ita ce ta ƙarshe. Da yawa sukan fara daga ƙarshen, su dawo suna cizon yatsa.

Zafi, ƙura da wutar lantarki

Akwai abubuwan da makaɗin Landan bai cika damuwa da su ba, amma na Kano ko Sakkwato ko Damagaram dole ya sa su a lissafi. Idan ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yi zafi, takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Apple, alal misali, ya ƙayyade cewa a yi amfani da kwamfutocinsa na tafi-da-gidanka a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali zafin bazara a ƙasar Hausa yakan kai 40 har ya haura. Ke nan kwamfutar da ta yi lafiya lau a ɗaki mai sanyi tana iya sarewa bayan rabin awa a farfajiyar biki, musamman marar fanka. A ɗora ta a kan abin da iska za ta ratsa ƙarƙashinta, a kuma raba ta da rana da fitilun dandamali. Ƙurar hunturu ma takan toshe hanyoyin iska, sai a riƙa kai ta ana busawa.

Batun wuta kuwa, batir mai rai garkuwa ne, domin idan janareta ya mutu zagayen da aka gina ba zai salwanta ba, in dai akwatin sauti daga kwamfutar yake shan wuta. Amma kwamfutoci da yawa masu Windows sukan rage gudu da zarar an cire caja, sai an shiga saitin wuta an hana su. Sau da yawa kuma akan ji wani gurnani a lasifika idan caja tana jone. Wutar Nijeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan kwamfuta da lasifika suka haɗu da ƙasa ta hanyoyi biyu, wannan kaɗawa takan kutsa cikin sauti. Maganinsa shi ne a jona kayan duka a soket ɗaya, ko a sa ƙaramin akwatin taransifoma mai raba su. Kada a kuskura a karya ƙafa ta uku ta filogi don kashe gurnanin, domin ita ce ke kare mai riƙe da makirfo daga jan wuta.

Gwaji kafin biya

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Mai saye ya tafi kasuwa da akwatin sautinsa da abin sauraro na kunne, ya nemi izinin gwaji. Ya saita guga a 128, ya gina zagaye shida ko takwas da kwalliyarsu, ya bar su suna juyawa aƙalla minti talatin har kwamfutar ta ɗumama, yana kasa kunne. Ya gwada da caja, ya gwada babu ita. Idan mai Windows ce, ya kunna LatencyMon a lokacin. Mai kayan da ya amince da kayansa ba zai ƙi wannan ba.

Bayan saye kuma akwai ladubban ranar wasa. A kashe Wi-Fi da Bluetooth, a rufe duk manhajar da ba ta kiɗa ba, a hana kwamfuta yin barci. Kada a sabunta babbar manhaja ana gobe wasa, domin sabon zubi yakan ɓata da tsohon direba. A bari sai lokacin da babu alkawari a gaba. A yi amfani da abin sauraro na kunne maimakon lasifika a kusa da makirfo, don kada tsohon zagaye ya sake shiga cikin sabo. Wanda yake da hali kuma ya ajiye 'yar fedar maimai a jaka saboda ɓacin rana.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa abin da kiɗan maimai yake nema a wurin kwamfuta shi ne cika alkawari sau 375 a kowace daƙiƙa, ba tare da saɓawa ko sau ɗaya ba. Mai yalwar aljihu da ke son hutawa da saite-saite zai samu biyan bukata a macOS. Mai matsakaicin ƙarfi zai samu a Windows, muddin ya sayi akwatin sauti mai direba nagari ya kuma yi gwaji. Ɗalibi mai tsohuwar kwamfuta da son sanin cikin abu zai samu a Linux, ya kuma ƙaru da ilmi a hanya. Muna fatan ɗalibanmu na sashen kimiyyar kwamfuta da na nazarin harsunan Nijeriya za su haɗa kai su gwada wannan fasaha da kalangu da gurmi da kuntigi, domin kiɗan da aka gina bisa gindi da amshi ya riga ya dace da ita tun asali.